Ɗana yana son wasan hoki, babansa ya ce a sayo kayan da girma

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, shekararmu biyu da zuwa Edmonton a ƙasar Kanada. Babban ɗana shekararsa 8, kuma tun da Oilers, ƙungiyar hokin garin nan, suka kai wasan ƙarshe ya hana mu sakat, shi dai hokin ƙanƙara, har sanda irin ta shahararren ɗan wasan nan McDavid yake so. Sau biyu kacal ya taɓa hawa ƙanƙara, da takalmin haya. Ba mu yi masa rajista ba tukuna. Na shiga wani shago na tambaya, aka jera min kaya aka buga lissafi ya haura dala 900. Babansa ya ce in dai za a saya, a sayo da girma yadda zai yi shekara uku yana sawa har ƙaninsa ya gada, kuma hular keken da yake da ita ta isa. Ni kuma tsoro nake ji, don an turo min bidiyon ɗan wasan da takalmi ya yanke wa wuya. Ina kuma jin nauyin in sa masa gwanjo a yi masa dariya, ga shi shi kaɗai ne baƙar fata a ajinsu. Don Allah me ya zama dole, me za a iya bari?

Wata uwa daga Edmonton

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka.

Kafin ki sake taka ƙofar shago, akwai abin da nake so ki duba yau ɗin nan. Tunda ba ku yi masa rajista da wata ƙungiya ba, to ki dakata tukuna ki nemi shirin da ake kira First Shift a intanet. Kamfanin Bauer mai ƙera kayan hoki da hukumar Hockey Canada ne suka faro shi, don yara 'yan shekara 6 zuwa 10 waɗanda ba a taɓa yi wa rajistar hoki ba. Kuɗi ɗaya za ki biya, a ba yaro kaya sababbi tun daga hula har takalmi, a auna shi a gabanki, sannan a koya masa wasan sau shida a kan ƙanƙara. Kuɗin bai kai rabin abin da aka lissafa miki ba, kayan kuma nasa ne har abada. Sharaɗin shi ne kada ya kasance ya taɓa shiga ƙungiya, shi ya sa na ce kada ki yi gaggawar rajista. Gurbi yana cika da wuri, saboda haka idan kin tarar ya cika ki sa sunansa a layin jira, ki kuma duba zagayen da ake yi a tsakiyar hunturu.

In hakan bai samu ba, sai mu koma kasuwa. A nan kuwa maganata ɗaya ce, sauran duk bayaninta ne: a wannan wasa ba tsadar kaya ke kare yaro ba, zamansu daidai jikinsa ne. Kayan dala dubu da suka yi masa yawa sun fi gwanjon da ya zauna masa cif haɗari.

Ban ga laifin maigidanki ba. Haka aka rene mu. Wa bai sa kayan sallah da aka naɗe wa hannu da ƙafa ba, ana cewa zai girma da su? Kuma lissafinsa gaskiya ne, yaro ɗan shekara 8 kusan kowace shekara sai ƙafarsa ta ƙaru. Sai dai kayan hoki ba sutura ba ne, sulke ne. Kowane yanki an yi shi ne ya rufe wani ƙashi ko wata gaɓa, kuma ya haɗe da yankin da ke kusa da shi ba tare da ya bar kafa ba. Da zarar ya yi girma sai ya zame daga wurin da aka yi shi domin sa, sai ya zama yaro na ɗauke da nauyi a banza alhali gwiwarsa a buɗe take.

Ni kaina na yi wannan kuskuren, kuma har yau ina jin sa a raina. Shekarar da ɗana na fari ya fara, na sayo masa takalmi da ya ɗara ƙafarsa lamba biyu, na ninka masa safa mai kauri don ta cike. Ina tsaye bayan gilashi ina kallo, sauran yara suna tafiya, shi kuwa idon sawunsa duka biyu sun karye ciki, kamar mai tafiya a gefen ƙafa. Ya taka uku ya faɗi, ya tashi ya sake faɗi. Da ya fito bai yi kuka ba sai da muka shiga mota, ya ce da ni, "Umma, ni ban iya ba." Na yarda da shi, na ɗauka ƙafarsa ce ba ta da ƙarfi. Sai a mako na uku wata tsohuwa da ta kawo jikanta ta durƙusa ta kama dunduniyar takalmin ta ɗaga, ƙafar yaron ta fito rabi alhali igiya a ɗaure take. Ta dube ni ta ce matsalar takalmi ce, ba ta yaro ba. Muka canza, cikin sati biyu ya daina faɗuwar nan. Saura kaɗan in sa ya tsani wasan da yake so saboda ina son in adana kuɗin shekara guda.

Don haka bari in daɗe a kan takalmi, domin shi ne rabin wasan. Lambar takalmin ƙanƙara ba ɗaya take da ta takalmin makaranta ba. Yawanci tana ƙasa da lamba ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wato mai sa lamba 3 zai iya sa 2 ko 1.5. Kada ki saya ta intanet da ka. Ki kai shi shagon da ke da ma'aunin ƙafa, a auna tsawo da faɗi, ko da ba a nan za ki saya ba. Faɗin yana da muhimmanci ƙwarai, don yawancin yaranmu da na gani ƙafarsu na da faɗi a gaba, kuma ana yin takalman da siriri da mai faɗi. Uwa da yawa kan ga yaro na kukan matsi sai ta ƙara masa lamba, alhali faɗi yake buƙata, ba tsawo ba.

Ga yadda za ki gwada da kanki. Ki zare shimfiɗar cikin takalmin ki ajiye a ƙasa, ya taka ta da dunduniyarsa a ƙarshe. Abin da ya rage a gaban babban yatsansa kada ya wuce faɗin yatsanki ɗaya. Wannan shi ne iyakar wurin girman da za a bar masa. Sannan ya sa takalmin ba tare da an ɗaure ba, ya tura ƙafarsa gaba har yatsunsa su taɓa hancin takalmin, ki zura yatsa a bayan dunduniyarsa. Yatsa ɗaya ya shiga, daidai. Biyu suka shiga, ya yi yawa. Bayan an ɗaure, ya miƙe ya ɗan lanƙwasa gwiwa ya yi tafiya. Idan dunduniyarsa na ɗagawa a ciki, ba nasa ba ne. Safa kuwa siririya guda ɗaya ta isa. Mai kauri tana sa ƙafa ta yi zufa ta zame, kuma in ta matse jini sai sanyi ya fi kama yatsu.

Takalmi na hannu ba shi da aibi ko kaɗan, don yara kan fi ƙarfinsa kafin su cinye shi. Abin dubawa shi ne ki matsa gefensa biyu ta wajen idon sawu. In ya lotsa kamar takalmin kambas, ya mutu, ki ajiye. Ki juya ƙasa ki ga ƙarfen: akwai sauran tsayi ko washi ya cinye shi? Akwai tsatsa mai zurfi? Ƙusoshin da suka riƙe shi suna motsi? In duk lafiya, ki biya. Kada kuma ki kuskure ki sayo na masu rawar ƙanƙara, wanda ke da haƙora a gaban ƙarfen, wannan na wani wasan ne daban.

Wani abu da ba kowa ke gaya wa baƙo ba: sabon takalmi ba ya zuwa da kaifi. Sai an kai shi washi kafin a hau ƙanƙara da shi. Ƙasan ƙarfen ba kamar wuƙa yake ba, an ɗan kwarmaɗa tsakiyarsa ne ya zama baki biyu, na ciki da na waje, kuma da su yaro ke kama ƙanƙara ya juya ya tsaya. Idan mai washi ya tambaye ki zurfin da kike so, ki ce rabin inci, shi ne wanda akasari ake fara wa yara da shi. Kuɗin washi kamar dala goma ne. Ki saya masa murfin roba na takawa, kuma ki ja masa kunne kada ya taka siminti ko ƙarfen bakin ƙofa da takalmin tsirara, taku kaɗan ya isa ya kashe kaifin. In ya fito a goge ƙarfen da tsumma, kada a adana shi cikin murfin robar da danshi, tsatsa zai yi.

Sai hula. A nan ki gaya wa babansu da girmamawa cewa maganar hular keke ba ta taso ba, domin ko ƙofar fili ba za a bar yaron ya wuce da ita ba. Dokar Hockey Canada ce kowane yaro ya sa hular kwano ta hoki mai ɗauke da tambarin CSA, wato ƙungiyar auna ingancin kaya ta Kanada, haɗe da abin rufe fuska gaba ɗaya, shi ma mai tambarin. Dalilin kuwa a fili yake. Hular keke an yi ta ne don bugu ɗaya mai ƙarfi, soson cikinta ya murƙushe, shi ke nan ta gama aiki. Ta hoki an yi ta don faɗuwa bayan faɗuwa, tana sauka ta rufe ƙeya, wadda ita ce mai fara dukan ƙanƙara idan ƙafar sabon shiga ta zame gaba. Ga kuma faifan baƙar robar nan da suke bugawa, wanda suke kira fak: faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1, nauyinsa wajen giram 170, da taurin dutse. Ga sandunan yara goma suna yawo sama da ƙasa. Ba fuskar da za a bari a buɗe a cikin wannan.

Hula ita ce abu ɗaya da zan ce ki saya sabuwa in da hali. Tsagewar ciki ba ta ganuwa, kuma ba ki san bugun da ta sha a kan wani ba. Ma'aikatar lafiya ta Kanada ma tana gargaɗin kada a sayar da wadda ta wuce shekara biyar, ko ta taɓa shan bugu mai tsanani, ko wani yanki nata ya ɓace. Amma sabuwa ba tana nufin mai tsada ba. Jami'ar Virginia Tech a Amurka tana gwada waɗannan huluna tun 2015 tana ba su taurari, kuma sakamakonta a buɗe yake a intanet. Za ki ga tsada da nagarta ba kullum suke tafiya tare ba. Ki sani kuma babu hular da ke hana girgizar ƙwaƙwalwa ɗari bisa ɗari. Idan ya bugu a ka ya fara ciwon kai, jiri ko amai, wasa ya tsaya sai likita ya gan shi.

Wajen gwadawa, bakin hular ya sauka kamar yatsa ɗaya a saman girarsa. Kafin a ɗaure igiya ya girgiza kai hagu da dama, sama da ƙasa. In ta yi rawa a matse ta, yawancinsu ana iya ragewa da ƙarawa ta gefe. Haɓarsa ta zauna cikin kofin ragar, igiyar ƙarƙashin haɓa kuma yatsa ɗaya kawai za ta bari. Ki kula da sumarsa. In an gwada yana da tarin suma sannan aka yi masa aski, hular za ta yi sako-sako, sai an sake matsewa. Tsakanin ragar ƙarfe da gilashin roba ni raga na fi so wa yara, ta fi araha, ba ta tururi, ba ta ƙarcewa. Kada kuma a yi wa hular fenti ko a ɓanɓare tambarin nan, in babu shi alƙalin wasa zai iya fitar da yaron.

Yanzu ga tsoronki. Bidiyon da aka turo miki, ina kyautata zaton na Adam Johnson ne, Ba'amurke ɗan shekara 29 da ke yi wa Nottingham Panthers wasa, wanda ƙarfen takalmi ya yanke shi a wuya a Sheffield ta Ingila ranar 28 ga Oktoba 2023, ya rasu. Ba zan ce miki kada ki ji tsoro ba, duk uwar da ta gani sai hantarta ta kaɗa. Amma ki san abu biyu. A gasar manya da yake bugawa, a lokacin ba a tilasta sa makarin wuya ba. A Kanada kuwa an daɗe da wajabta wa yara shi, kuma sai mai tambarin inganci irin na BNQ, wato hukumar auna ingancin kaya ta Kebek. Bayan rasuwarsa hukumar hoki ta duniya ta wajabta shi a gasanninta, Amurka ma ta bi sahu ga yara daga Agustan 2024. Abu ne ɗan ƙarami mai araha, an saƙa shi da zaren da kaifi ba ya saurin ratsawa. Akwai mai kama da kwala da ake mannewa ta baya, akwai wanda aka ɗinke jikin rigar ciki. Na biyun ya fi min, don ba ya juyawa kuma ba a mance shi a gida. Yara na ƙorafin yana shaƙe su, su naɗe shi ko su sassauta. Kada ki yarda ko sau ɗaya, ko a atisaye, ko a filin unguwa. Ba ya kawar da haɗari duka, amma yana rage shi sosai.

Kuma hokin da ɗanki zai yi ba irin wanda kike gani a talabijin ba ne. Zai shiga rukunin 'yan ƙasa da shekara 9, a rabin fili suke bugawa, kuma an hana bangaza da jiki. Tun 2013 Hockey Canada ta ɗage bangazar har sai yaro ya kai 13. Yawancin abin da kayan nan za su kare shi daga gare shi faɗuwa ce da karo da bango.

Sauran kayan duka ki nema a gwanjo, zuciyarki wasai. Makarin ƙwauri ana auna shi ne daga tsakiyar ƙoƙon gwiwa zuwa bakin takalmi, da inci, kuma gwiwar ta zauna daidai cikin kwanonsa; shi ne wanda zai fi shan ƙasa a watannin farko. Gajeren wando mai soso ya sauko ya ɗan hau kan makarin ƙwaurin, ki kuma tabbatar soson da ke kare ƙashin gindi bai mutu ba, don a kansa sabon shiga ke zama da ƙarfi. Sulken kafaɗa da ƙirji ya zauna a kan kafaɗa, in ya ɗaga hannu kada ya tokare masa haɓa. Makarin gwiwar hannu ya haɗe da sulken ta sama, da safar hannu ta ƙasa. Safar hannun ki duba tafinta kada ya huje, ki jefar da sanda ƙasa ki ce ya ɗauka. In ya kasa, ta yi masa girma ko tauri. Abin da ba a saya na hannu shi ne wandon ciki mai kofin kare gaba, da robar haƙori idan ƙungiyarsu ta buƙata. Wandon cikin ki ɗauki mai wurin manna doguwar safa, zai hutar da ke. Rigar wasa yawanci ƙungiya ke bayarwa. Kayan mai tsaron raga kuwa, ko ya roƙa kada ki saya, a shekarunsu karɓa-karɓa ake yi kuma akasari ƙungiya na da na aro.

Sanda ce wurin da ake cin kuɗin iyaye. Manyan sanduna na wuce dala 300, kuma yaron da bai gama iya tsayuwa ba babu abin da za su ƙara masa. Ki saya masa mafi araha a ajin yara, ko ta katako ce. Abu uku ne abin lura. Tsawo: in yana sanye da takalmin ƙanƙara, ya kafa ta a gabansa ta kai haɓarsa, in ƙafa tsirara ne, ta kai hancinsa. Abin da ya haura a yanke da zarto. Taushi: akwai lamba a jikinta mai nuna yadda take lanƙwasuwa, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce rabin nauyin yaro da fam. Yaro mai kilo 27, wato fam 60, lamba 30 ko ƙasa da haka. Kada a sayo ta manya a yanke, domin yanka na ƙara mata tauri, ga kaurinta ya fi ƙarfin hannunsa.

Na ukun shi ne hannu, kuma a nan mu Hausawa muke yawan kuskure. Mun saba komai da dama, sai uba ya ga an rubuta hagu a jikin sanda ya ce a'a, ɗana ba bahago ba ne. To ba haka abin yake ba. Sunan yana nufin hannun da ke ƙasa ne. Sandar hagu ita ce wadda hannun dama ke riƙe samanta, kuma hannun saman shi ke sarrafa ta. Shi ya sa mafi yawan 'yan wasan Kanada da sandar hagu suke wasa alhali da dama suke rubutu. McDavid ɗin da yake so ma da ta hagu yake yi. Kada ki zaɓa masa. Ki miƙa masa shebur ɗin kwashe dusar ƙanƙara ba tare da kin ce komai ba, ki ga yadda zai riƙe. Hannun da ya sa a ƙasa, shi ne sunan sandarsa. Ki haɗa da tef na naɗe baki da kan sandar, da wani farin tef mai riƙe safa.

Inda za ki samu kayan ba wuya a garinku. Akwai shagunan da sana'arsu ke nan, irin su Play It Again Sports, suna saye suna sayarwa, kuma in ya fi ƙarfin kaya za ki mayar a rage miki kuɗin na gaba. Akwai Kijiji da Facebook Marketplace, sai dai ki je da yaron ya gwada kafin ki biya. Ƙungiyoyin unguwa da yawa kan yi ranar musayar kaya kafin kakar wasa ta fara. In aljihu ya yi nauyi, a Edmonton ɗin akwai Sport Central da ke ba yaran iyalai masu ƙaramin ƙarfi kayan wasa kyauta, ga KidSport da Jumpstart na Canadian Tire da ke taimakawa da kuɗin rajista. Ba bara ba ce, don haka aka kafa su, kuma 'yan ƙasa ma suna nema. Wannan ita ce amsar lissafin babansu: maimakon sabo mai girma na shekara uku, gwanjo daidai jiki kowace shekara, a sayar a ƙara kaɗan a canza. Abin da ya rage da kyau ƙaninsa ya gada in ya kai girman. Ki roƙe shi ya raka ku ranar awo, ya zura yatsansa da kansa a bayan takalmin. Gani ya kori ji, kuma in shi ya zaɓa da hannunsa maganar ta zama tasa.

Maganar dariya kuwa, ki shiga ɗakin sa kaya na 'yan shekara 8 ki gani. Rabin abin da ke jikinsu na yayye ne ko na maƙwabta, kuma duka yana ɓoye ƙarƙashin riga da safa. Abin da ake gani hula ce da safar hannu da takalmi da sanda. Yara ba sa duba shekarar da aka ƙera makarin ƙwauri, wanda ya iya gudu suke kallo. Akim Aliu, wanda aka haifa a Okene ta jihar Kogi a 1989, ya girma a Yukren kafin iyayensa su koma Toronto, takalminsa na farko na hannu ne da aka saya a irin kasuwar da mutane ke bazawa a ƙofar gida, kuma ya kai har NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, ya buga wa Calgary Flames. Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, a Edmonton ɗinku aka haife shi, ya ci ƙwallo 625 a NHL. Nazem Kadri, Musulmi, ya ɗauki kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, a 2022 ya kai shi masallacin garinsu London da ke Ontario. Ki nuna masa hotunansu. Ba zan ɓoye miki ba, wariyar launi tana nan a wasan. Aliu ɗin da kansa ya fito a 2019 ya faɗi abin da aka yi masa. Sabon kaya ba ya maganin wannan. Abin da ke taimakawa shi ne ki kasance a wurin, ki san kocinsa da sauran iyaye, kuma yaron ya san duk abin da aka faɗa masa zai iya kawo miki, ke kuma ki kai wa shugabannin ƙungiya a rubuce.

Shawarata ta ƙarshe a kan tsari ita ce kada ki sayi kayan duka rana ɗaya. Yaron da sau biyu ya hau ƙanƙara, tafiya yake buƙatar koya kafin sanda. Ki fara da takalmi da hula da makarin wuya, ki sa shi darasin koyon zamiya irin CanSkate, inda dama hular hoki mai tambarin CSA suke nema, ki riƙa kai shi lokutan da ake buɗe wa jama'a fili, da filayen unguwa idan sanyi ya kankama. In bayan wata biyu har yanzu shi ke tashinki don a tafi, sai ki cika sauran.

Ranar da kayan suka cika, ku gwada sawa a falo tun kafin ranar fita. Da farko ya zaga bayi, don cire kayan nan a tsakiyar atisaye aiki ne. Wandon ciki, makarin ƙwauri, doguwar safa, wando mai soso, sannan takalmi. Daga nan makarin wuya, sulken kafaɗa, na gwiwar hannu, riga, hula, safar hannu. Takalmin ke ko babansa za ku ɗaure masa na shekara ɗaya ko biyu: ki zaunar da shi, ki saka ƙarfen tsakanin gwiwoyinki da murfinsa, ki ja igiyar da sauƙi ta wajen yatsu, da ƙarfi ta wajen idon sawu, kuma kada ki naɗa ragowar a ƙafarsa. In kun dawo gida a zazzage jakar duka a shanya a wuri mai iska, kada a bar ta a rufe ko a but ɗin mota, domin danshin nan shi ke kawo wari da ƙuraje. Rigar ciki da safa da makarin wuya a wanke su duk fita. Ki rubuta sunansa a kan komai, har da gorar ruwa, ki samo mai dogon baki wadda za ta shiga ta ragar fuska. Ke kuma ki tafi da bargo da safar hannu, bencin iyaye ya fi kan ƙanƙarar sanyi.

Ki gaishe min da babansu da yaran, kuma ki rubuto min yadda fitarsa ta farko ta kasance.